Masu Shan Iska a Tafkin Nasser

Da aka gama madatsar Aswan a 1970, ruwan Nilu ya kwanta a tsakiyar hamada, tsawon kusan kilomita 500 daga Masar har cikin Sudan. Don noma da lantarki aka tare shi, amma 'yan yawon buɗe ido sun ɗauka don su aka yi.

Shugabansu shi ne mai farautar giwan ruwa. Ya taso tun daga Turai, ya yi hayar kwalekwale mai inji, ya yi mako guda rana tana gasa shi. Ranar da kifi ya haɗiyi ƙugiya, sai kokawa har gumi ya jiƙe shi. A ɗago kifi, a auna, a ɗauki hoto. Daga nan sai ya shafa masa kai, ya mayar da shi ruwa! Mai tuƙin kwalekwale, da ya bar iyali a gida, sai dai ya kau da kai. Da a Argungu ne, da tuni an nema wa bawan Allahn nan rubutu ya sha. Kifin kuwa, kafin a isa gida, ya ƙara kilo ashirin a bakin mai labari.

Akwai mai tsoron kada. Tafkin yana da kadoji, ba ƙarya, amma shi duk dutsen da ya leƙo daga ruwa kada ne, kuma shi yake kallo.

Sai mai hoto. Ya bar Aswan cikin dare, ya ci kilomita wajen 280 zuwa Abu Simbel, don ranar 22 ga Fabrairu hasken fitowar rana yakan ratsa har ƙuryar ginin Fir'auna Ramsis na Biyu. Rana ta shigo, ta fita, shi ƙeyar mutane kawai ya ɗauko. A gefensa masani ne, mai littafi a hammata, yana gaya wa ɗan jagora cewa yanka ginin aka yi gunduwa-gunduwa, aka ɗaga shi mita 65 don kada ruwa ya ci shi. Ɗan jagoran ya shekara ashirin yana cin abinci da wannan zancen.

Mai shanyar jiki kuwa kwance yake a saman jirgi da tsakar rana, ya shafe mai, ya yi jajir. Ma'aikatan jirgin, Nubiyawa, suna inuwa da shayinsu, suna musun ko ƙarfe nawa zai nemi likita.