Matsoraci a cikin ruwan toka

Duk majalisar da nake zama an san ni da magana ɗaya, har wasu kan tuna da uzuri idan na soma ta. Maganar ita ce titunanmu sun koɗe. Ka tsaya a duk danjar da ka ga dama a Kano ko Kaduna ka dubi motocin gida da ke jiran hannu: fara, baƙa, silba, ruwan toka, wata ruwan tokar mai ɗan duhu, sai fara kuma. Ba don A Daidaita Sahu da rawayarsu ba, da ido ya manta aikinsa. Ina faɗin haka da ɗaga murya, ina bugun tabarma, ina caccakar kamfanonin da ba su ma san ina yi ba. In na gama sai in yi sallama in nufi motata. Ruwan toka ce. Wadda na rabu da ita kafin wannan silba ce, ita ma in za a yi adalci ruwan toka ce da ta shafa mai.

Ba jahilci ne ya kai ni ba. Na ma yi wa abin karatu don in ƙara wa surutuna gishiri. Na san cewa daga 1914 zuwa 1925 kamfanin Ford bai fitar da motarsa Model T da wani launi ba sai baƙi, saboda baƙin fenti ya fi araha kuma ya fi jure wahala. Na san sai da kamfanin DuPont ya haɗa fentin Duco, mai bushewa cikin sa'o'i maimakon makonni, General Motors ta fito da shuɗiyar Oakland a 1924, sannan Ford ya ga kasuwa na neman suɓuce masa ya dawo da launuka a 1926. Na kuma san abin da ya fi ci mini rai: kamfanin fenti na Axalta, wanda ke ƙidayar launukan sababbin motocin duniya kowace shekara, ya daɗe yana nuna fara ce a gaba, kusan ɗaya cikin kowace uku, kuma in aka haɗa ta da baƙa da ruwan toka da silba sun cinye wajen takwas cikin goma. Wato shekara ɗari bayan an kwance mana mari, mun tako da ƙafarmu mun dawo. Wannan jimla takan burge 'yan majalisa, ni ma takan burge ni.

Daga nan sai in gangaro kan zamanin Fijo. Tun da aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, 504 ta cika gari, kuma a idona na yaro kowace da fuskarta. Ta shugaban makarantarmu ruwan madara ce, ta wani ɗan kasuwa a layinmu ruwan omo, akwai wata koriya da ko daga nesa aka hango ta an san likitan dabbobi ya shigo unguwa. Manyan motocin katako kuwa ba a magana, zanen zaki da dawisu da furanni har kan ƙyauren baya. Nakan rufe da tambayar wa ya yi mana wannan fashi, in bar ta a iska ba amsa.

Akwai amsa, kuma na daɗe ina fakewa da ita. Yawancinmu ba sabuwar mota muke saye ba, ta hannu ce. Launin motar da nake ja a yau, wani Ba'amurke ne ko Bajamushe ya zaɓe shi shekara goma sha wani abu da suka wuce. Shi ma ba daga cikin launukan duniya ya zaɓa ba, daga abin da dila ya jera a filinsa ne, dila kuma ba ya odar launin da mutum ɗaya zai mutu a kai tara su kau da kai, wanda ba ya ɓata wa kowa rai yake nema. Kamfanonin haya da ma'aikatu masu sayen motoci da yawa a tashi ɗaya su ma fara da silba suke ɗiba. In motar ta tsufa ko ta yi karo ta faɗa gwanjo, ɗan kasuwarmu ya zauna gaban kwamfuta yana taya, shi ma yana gudun wadda za ta kwantar masa da jari. Ta sauka a Tin Can da ke Legas, ko ta biyo ta Kwatano kamar yadda aka fi yi kafin a hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a 2017. Kafin ta iso gabana tsoron mutum uku ya tace ta. Saboda haka, in ji ni, ba laifina ba ne, abin da na tarar ke nan.

Wannan hujja ta mutu ne ranar da na yi ido biyu da wata koriya a wurin masu sayar da motoci. Tana can ƙarshen layi jikin katanga, ƙura ta lulluɓe ta, alamar ta kwana biyu ba mai taya ta. Yaron wurin ya watsa mata ruwa, sai ga kore mai duhu irin na ganyen mangwaro bayan ruwan farko. Na buɗe ƙofa na duba cikin ƙarfen, na ɗaga bonet na leƙa, launin ɗaya ne ko'ina.

Dillali ya matso yana murza hannu. "Yallaɓai, wannan kai take jira. Fentin kamfani ne, ko cokali ɗaya na fila ba a taɓa shafa mata ba. Injin kuwa ko tari ba ya yi. Saboda kalar ma sai in sa a yi maka ragi."

Na shiga na zauna na riƙe sitiyari. A raina har na shigo layinmu da ita, yara na bin ta da gudu. Kuskurena ɗaya, na zo da yayana don ya taya ni ciniki. Ya zagaya ta sau ɗaya hannu a baya, ya sunkuyo ta taga.

"Kai yanzu da furfurarka wannan za ka shiga? Sai an ce tasin Abuja ka sayo. To ranar sayarwa fa, wa zai karɓe ta?"

Ban ce uffan ba. Dillali kuwa ko ƙiftawa bai yi ba ya sauya sheƙa. "Gaskiya Alhaji ya faɗi magana. Ruwan toka ai kuɗi ce a aljihu, yau ka kawo ta, yau a ba ka cinikinka." Mutumin da ya gama rantse mini cewa koriyar ni take jira, shi ya ja ni zuwa ga wata ruwan toka da ta fi ta tsada kuma ta fi ta cin hanya. Na biya. Ban ko yi gardamar fita kunya ba. Ni da na shekara ina kiran a yi tawaye, tambaya biyu suka kwance mini zani a kasuwa.

A hanyar gida na tattara dalilai, kuma ba na ƙarya ba ne. Ƙurar hunturu ba ta tona asirin ruwan toka, sai ka yi mako ba ka je wurin wanki ba babu mai ganewa. Launi mai haske bai kai mai duhu ɗaukar zafi ba, wanda ya taɓa barin mota a ranar Afrilu ya san wannan a tafin hannunsa. Idan ɗan A Daidaita ya goge maka gefe, mai fenti ya fi saurin dacewa da launin da yake haɗawa kullum, na daban kuwa sai ka ga ƙofa ɗaya ta fita zakka. Sai dai duk waɗannan dalilai baƙar mota ta fi kowace faɗuwa a kansu, ta fi nuna ƙura, ta fi zafi, amma da baƙa na nuna, da yayana albarka zai sa mini ya ce na girma.

Gaskiyar ita ce mota mai launi 'yar rahoto ce. A garin da kowa ya san kowa, mai jar mota ba shi da sirri. "Jiya na ga motarka a ƙofar gidan wane." Mai binka bashi ya san kana gida, surukai sun san ka shigo unguwa ba ka leƙo ba, in kuwa aka gan ta sau biyu bayan magariba a layin da ba naka ba, kafin ka dawo an riga an kai wa uwargida labarin amarya har da sunan ubanta. Ruwan toka sutura ce, kana iya cewa ba taka ba ce, a kuma yarda. Abin dariyar shi ne ba ni da sirrin da ya cancanci wannan tsaro. Tafiya mafi hatsari da nake yi a ɓoye ita ce wurin mai balangu, tun da likita ya ce in rage jan nama.

Kuma tsoron nan a mota kaɗai yake kama ni. In na shiga Kantin Kwari ba shaddar da nake jin nauyinta, ruwan goro, ruwan hoda, shunayya, duk na ɗinka na sa na je ɗaurin aure ina taƙama. Mu ne jikokin marinan Ƙofar Mata, mu ne masu yi wa doki ado ranar hawan Daushe har sai an rasa gane kalar dokin. Ba ƙin launi muke ba. Bambancin kawai, riga ba a sayar da ita in ta tsufa, kyautar da ita ake yi. Mota kuwa asusu ce mai taya huɗu, ita ake fara kallo in kuɗin makaranta ya taso ko naira ta sake faɗuwa. Saboda haka ban taɓa sayen mota don kaina ba. Ina saya ne don wani bawan Allah da ban taɓa gani ba, wanda zai karɓe ta a hannuna wata rana, kuma na yanke masa hukuncin cewa shi ma matsoraci ne irina. Shi nake yi wa riƙo, ina zuba mai, ina canza baƙin mai.

Hukuncin laifina nakan karɓe shi duk Juma'a. Ana sallamewa sai in fito in tarar da sahu-sahu na 'yan uwan motata, in ɗaga rimot sama da kai ina dannawa ina kasa kunne. Wata rana batirinsa ya mutu. Na nufi wadda na tabbata tawa ce, har da ɗan lotsawar bamba ta baya, na ja marfin da ƙarfin mai abu. A buɗe take. Wata dattijuwa ce zaune a baya da carbi tana jiran ɗanta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, lafiya?" Na shiga ba da haƙuri ina ja da baya, ina addu'ar kada wani ya ɗaga murya, don a cikin taro irin wannan kalma ɗaya ta isa a tara wa mutum jama'a kafin ya yi bayani. Tawa tana mota uku gaba, da irin lotsawar a irin wurin.

Bayan wannan na yi niyyar sake mata fenti gaba ɗaya. Mai fenti ya buɗe mini littafin launuka, na daɗe a kan wani shuɗi. Shi da kansa ya tuna mini cewa duk motar da aka sake wa launi, mai saye zai ɗauka hatsari ta yi ake ɓoyewa, ga zirga-zirgar gyara takardu a ofishin lasin. Ya ƙara da cewa in kore nake so in yi hattara, akwai doka tun zamanin mulkin soja da ta hana fenta mota da koren sojoji. Na ji daɗin wannan doka ƙwarai, ko da yake shuɗi nake kallo. Na fito na tsaya wurin masu kayan ado na sayi jar rigar sitiyari. Da na iso gida na kira uwargida ta zo ta gani. Ta leƙa, ta yi shiru, ta ce, "Baban Ummi, juyin juya halin ke nan?"

Daga baya na ci karo da binciken iSeeCars, wani kamfanin Amurka mai bin farashin motocin hannu, wanda ya sha nuna cewa a can rawayar mota ce ta fi riƙe darajarta, don ba ta da yawa kuma masu sonta na nemanta ido rufe. Akasari motocin 'yan gayu ne, na sani, ba irin tawa ba. Duk da haka ban kai wannan labari majalisa ba. Laifi tudu ne, kuma wannan karon na ga inda nake tsaye.

Kwanan baya buƙata ta taso na koma wurin dillalin nan ya yi wa motata kuɗi. Ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan yatsa, ya tsotsi haƙori.

"Yallaɓai, ba ta da laifi, amma irinta sun cika kasuwa. Dubi can, guda nawa ka gani? Da wata kala ce ta daban, da yanzu na kira maka mutum."

Na tuna masa maganar kuɗi a aljihu. Ya yi dariya ya ce kasuwa ce, kullum da yadda take kwana. Sannan ya kama hannuna ya ce in zo in ga wata da aka sauke shekaranjiya, in musaya nake so. Ja ce mai duhu, ruwan zoɓo, rana na wasa a jikinta. Yayana ba ya nan, ba kowa sai ni da shi. Na shafa ta, na leƙa ciki, na tambayi shekararta da lafiyar giya. Sai na ji bakina yana cewa, "Babu irinta a silba?"