Yadda Ake Su a Kan Ƙanƙara Ba Tare da An Bi Kifin Ciki Ba

Baƙon da ya sauka a jihar Minnesota ta Amurka cikin watan Janairu, ba zai daɗe ba abokan aiki za su gayyace shi su. Kada ya ɓata bakinsa wajen tambayar kwale-kwale. Tafkin ya daskare, a kansa ake tafiya, wasu ma da mota suke hawa.

Kafin maganar ƙugiya, sai ya tambayi kaurin ƙanƙarar. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar ta ce sai ta kai inci 4, kimanin santimita 10, sannan mutum ya taka da ƙafa, kuma sabuwa garau ake nufi. Farar nan mai gauraye da dusa rabin ƙarfin waccan gare ta, don haka ninka awon ake yi. Hukumar ba ta kuma ɗauki alhakin kowa ba, ta faɗa ƙarara cewa babu ƙanƙarar da ake lamunta ɗari bisa ɗari. A nan tarbiyyar gida take rana: sabon shiga ya bar manya su wuce gaba, musamman masu jiki.

Riga kan riga, safa kan safa, har sai ya kasa sunkuyawa. Sannan ya rataya wasu ƙusoshi biyu masu mariƙi a wuya. Ba ado ba ne. In ƙanƙara ta ɓurma, su zai caka a gefen ramin ya jawo kansa waje, ta ɓangaren da ya fito, tunda can ne ta ɗauki nauyinsa ɗazu. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada, wanda ya sha tsunduma kansa cikin ruwan sanyi saboda bincike, ya raba lokacin kashi uku: minti 1 na daidaita numfashi, minti 10 da gaɓoɓi ke iya aiki, sai kimanin awa 1 kafin sanyi ya sumar da mutum. Ihu da kiran sunan uwa, a ƙoƙarta a gama su cikin mintin farko.

Sai aikin kansa. A huda rami da inji, faɗinsa bai wuce na faranti ba, a kwashe ɓarɓashin ƙanƙara da ludayi mai huji, a sa wa ƙugiya ɗan ƙaramin kifi, a zura. A kife bokiti a zauna. Shi ke nan fa. Sauran duk kallon rami ne, da sake kwashe ƙanƙarar da ke son rufe shi. Kifin da aka fi so, walleye, ya fi cin ƙugiya da sassafe da kuma faɗuwar rana, wato daidai lokacin da yatsu ke daina jin magana. Ruwan can ƙasa kuwa yana wajen digiri 4 ne, masunci yana sama a ƙasa da sifili, kifin ya fi shi jin ɗumi. Wanda ya kunna murhun gas a cikin tanti ya bar kafar iska, don iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari.

Mai son taro ya nufi tafkin Gull kusa da garin Brainerd, inda ake gasa tun 1991. Mutane kusan 10,000 kan hallara, awa 3 ake yi, wanda kifinsa ya fi nauyi ya tafi da sabuwar akori-kura. Argungu ke nan, illa dai babu mai rugawa cikin ruwa da homa, kowa na addu'ar kada ya taɓa shi.

Baƙo ya kuma riƙa waiwayen gaɓa. A watan Disamba na 2023, ƙanƙara ta ɓalle a tafkin Upper Red da masunta 122 a kanta, sai da masu ceto suka kwaso su. Shekara guda kafin nan, kusan mutum 200 aka kwaso daga wannan tafkin.

In magariba ta yi bokiti babu komai, kada baƙo ya nemi a mayar masa da kuɗinsa. Lasisin su tun kafin a hau ƙanƙara ake sayensa, kuma jihar ba ta yi wa kowa alkawarin kifi ba.