Yadda Za Ka Isar da Saƙo ga Direba Daga Bayan Kanta

Wanda ya taɓa hawa bayan motar kanta ranar kasuwar Bena, yana zaune kan buhun masara, ƙafa ɗaya na lilo a waje, ya san tsakaninsa da direba bai wuce taku uku ba, amma ko ya tsage maƙogwaro muryarsa ba ta kaiwa. Inji na ruri, salansa ta fashe tun bara, akuya na kuka, iska na kwashe abin da ya rage. Kada ka zargi direba da wulaƙanci. Masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 tana cinye ji idan aka daɗe a cikinta, shi kuwa a cikinta ya yi furfura.

Idan aljihunka da nauyi, fara duba na'urar 'yan gayu. Masu tseren mota sun daɗe da warware matsalar: direba da mai karanta masa hanya kowa da hular kwano, lasifika a kunne, makirfo a bakin leɓe. Da irin wannan ake tseren Dakar, wanda a da yake ratsa hamadar Agadez. Yau kamfanoni irin su Cardo da Sena suna yin ƙanana masu aiki da Bluetooth, ana maƙala su a jikin hular. Kyau kam akwai. To amma je tasha ka ce wa direban kanta ya cire zanna ya sa kwano, ka ji abin da zai gaya maka. Ko ya yarda, ɗaya hular wa za a ba? Dattijon da zai sauka a Wasagu, ko Hajiya mai kwandon tumatir da ke da ƙorafi a kan kowane rami?

Oba-oba ba ta cin kati, ba ta neman sabis. Sai dai sai an danna ake magana, hannunka kuma duka biyun suna riƙe da ƙarfe. Ga shi a wannan yanki, mutum ya iso shingen jami'an tsaro da oba-oba a hannu, ya shirya dogon bayani. Kiran waya kuwa, ranar da ka samu sabis babu caji, ranar da ka samu caji direba ya zauna a kan tasa.

Saura wadda ta zo da motar tun daga kamfani: rufin kan direba. Nan ake son ka natsu, don tana da ƙa'ida. Da tafin hannu ake bugawa, ba da dunƙule ba, in kuma da makulli ko zobe a hannunka ya fi, ƙarfe ya fi jin maganar ƙarfe. Duka ɗaya asara ne, direba zai ɗauka rami ya faɗa. Biyu a jere, akwai sauka. Idan ka ji ana yi ba ƙaƙƙautawa kamar kiɗan bikin Uhola a Zuru, to wani abu ya faɗo, buhu ko mai buhun. Saboda haka ka zo da wuri ka kama wuri a jikin kan mota. Wanda ya makara ya zauna can wutsiya sai dai ya aika saƙo baki da baki, kuma kafin "Baba zai kama ruwa" ya kai gaba ya zama "Baba ya faɗa ruwa".

Akwai kuma yaron mota, na'ura mai ƙafa biyu. Shi kaɗai ke iya leƙawa ta taga mota na gudu ya ce, "Oga, akwai sauka!" kuma a ji. Ba ya son caji, sai ɗan rake ko goro. Aibinsa ɗaya: yana tace saƙo. Wanda bai cika kuɗin mota ba, layinsa ba ya shiga sai an wuce garinsu.

A kan babur abin da sauƙi, ka ɗora haɓa a kafaɗar ɗan acaɓa, in ya ƙi ji ka mintsine shi.

Kada ka manta na'urar kirki tana kawo amsa. Direba na da hanya uku: ya danna oda, wato ya ji, ya fito da hannu ta taga ya juya shi, wato "me kuma?", ko ya taka birki gaba ɗaya. Ta ukun ce ta fi saurin isowa, don haka kafin ka bugi rufin, tabbatar ɗaya hannun yana riƙe da ƙarfe, kuma ba kwandon Hajiya ne a gabanka ba.