Jinjina ga Masu Koya wa 'Yan Kasuwa Lissafi

Madalla da masu ba da tallafin ƙarfafa ƙungiyoyi. Allah ya ƙara musu buɗi, ya sa kada manyan otal na Kano su rabu da su. Ba don su ba, da har yau 'yan Kasuwar Sabon Gari ba su san cewa ba su iya shugabanci ba. Mutanen da suka shafe fiye da shekara ɗari suna ciniki wuri ɗaya, Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Banufe, rumfa jingine da rumfa, a yi rigima da hantsi shugaban layi ya kashe ta kafin azahar, ashe duk lalube suke yi cikin duhu. Sai da ƙwararre ya sauko daga jirgin Abuja rataye da kwamfutarsa, sannan aka gano ciwon: ba su da tsarin aiki na shekara biyar.

Abin da ya fi burge ni da wannan tallafi shi ne adalcinsa. Ƙofa a buɗe take ga kowa. Abin da ake nema kaɗan ne: rajista da hukumar CAC, takardar SCUML daga EFCC, asusun banki da sunan ƙungiya, kwamitin amintattu, rahoton odita na shekarun baya, sai kuma a cike fom ta intanet da Turanci mai daɗin karatu. Wa zai ce an hana shi? Ƙungiyar 'yan dako, wadda ke karɓar 'yan canji daga kowane ɗanta da yamma, ta kai wanda buhu ya karya Asibitin Ƙashi na Dala, ta biya kuɗin motar gawar wanda ya rasu zuwa ƙauyensu, laifinta ne da ba ta ɗauki odita ba. Saboda haka kuɗin sai ya tafi inda ya dace, wato hannun mai ofis da allon suna da labule, wanda ya san kalmomin da ke sanyaya zuciyar Bature. Shi kuma, Allah ya saka masa, ba ya mantawa da 'yan dako. Yakan aiko a zaɓo masa wasu daga cikinsu, a sa musu riga mai tambari, a rubuta su a matsayin masu cin gajiyar shiri.

Daga nan sai bita. Duk wanda bai taɓa ganin bitar kula da kuɗi da ake shirya wa matan kasuwa ba, an bar shi a baya. Ga uwar adashi nan zaune a kujerar gaba, sanyin na'ura na ratsa mata gwiwa. Matar da ke riƙe da zubin mata masu yawa a ɗan littafin makaranta mai lanƙwasasshen bango, ta san wadda za ta kwasa ranar Juma'a, ta san wadda mijinta ke kwance aka ɗaga mata ƙafa, ta san wadda za a matso wa da kwasarta saboda bikin 'ya, ba a taɓa neman kwabo an rasa a hannunta ba. Gabanta ga saurayi da bai kai ɗanta na fari ba, yana liƙa 'yan takardu masu launi a bango. Ya matso da lasifika ya ce, "Mama, ina kike hango ƙungiyarku nan da shekara biyar?" Ta ce, "Ɗan nan, rufin layinmu ke yoyo, kwatar bayanmu kuma ta toshe tun bara." Ya yi murmushi, ya gode mata, ya koma ya rubuta cewa mahalarta na da ƙarancin fahimtar hangen nesa, ana buƙatar zagaye na biyu. Kai, ilimi ya yi daɗi!

Ba a barin ta haka, a faɗi gaskiya. Ana ba ta shayi da hantsi, shinkafa da cinyar kaza da rana, ta sa hannu ta karɓi kuɗin mota, a miƙa mata satifiket, a jera su bayan kyalle a ɗauki hoto. Kwana ukun da rumfarta ta yi a rufe, da masu sayayyar da suka koma gun maƙwabciya, ba su da gurbi a cikin rahoto, don haka ba asara ba ce. Hotonta zai kai London ko Brussels, ya jawo kuɗin baɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu ƙananan tunani sukan kawo zancen gobara. A daren 26 ga Maris 2016 wuta ta tashi a kasuwar nan, wadda ke ɗauke da sunan Muhammad Abubakar Rimi, ta ci har gari ya waye. Hukumar NEMA ta ce shaguna wajen 3,800 suka ƙone, wata guda kacal bayan gobarar Kasuwar Singa. Maza masu gemu sun tsaya daga wajen Bata suna kallon jarin shekara talatin na tashi sama. To, sai ka ji wani na tambaya, me ya sa kuɗin ƙarfafawa ba ya sayen tukunyar kashe gobara, ko ya haƙa rijiyar burtsatse da tanki, ko ya biya masu gadin dare, ko ya gyara wayoyin wutar da suka sarƙe a saman rumfuna? Wannan tambayar wanda bai halarci bita ba ce. Tanki ƙarfe ne kawai. Abin da ake ginawa a nan shi ne tunani, kuma tunani ba ya cin wuta.

Ai kuma kasuwar ta tashi, ko da yake ta hanyar da ba ta da tsari ko kaɗan. Dila ya ba wanda shagonsa ya ƙone kaya bashi a kan amana, ba takarda ba lauya. Ɗan'uwa ya tsaga rumfarsa ya ba ɗan'uwa gefe. Ubangida ya sake ɗaura wa yaronsa jari. Asusun neman taimakon da gwamnatin jiha ta kafa, ɗan gidan fatake ne, Alhaji Aliko Dangote, ya zuba masa naira miliyan 500. Da Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ta shigo da shirin wutar sola cikin kasuwar a 2018, 'yan kasuwa da aljihunsu suke biyan kuɗin wutar. Duk wannan abin tausayi ne, don babu wanda ya auna shi da ma'auni, babu wanda ya samu satifiket.

Kada a ce manyan ba su damu ba. Wata biyu bayan gobarar, a Mayun 2016, masu ba da agaji na duniya suka taru a Santambul ta Turkiyya suka yi alkawarin cewa kafin 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa isa hannun ƙungiyoyin cikin gida. Shekarar ta zo ta wuce, ko kusa ba a yi ba. A Nuwamban 2021 shugabar hukumar USAID ta Amurka, Samantha Power, ta sake ɗaukar irin wannan alkawari, ta sa wa'adin 2025. Dubi juriya! Wani da ya saɓa sau ɗaya kunya za ta hana shi maimaitawa. Dalilin jinkirin ma sananne ne: ƙungiyoyin gida ba su ƙarfafa ba tukuna, ba za a damƙa musu kuɗi ba sai an ƙara musu bita, bitar kuma sai ta hannun waɗanda kuɗin ke wurinsu.

Da 2025 ta zo, sai aka ga amfanin horon. A watan Janairu Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje, zuwa 1 ga Yuli USAID ta daina aiki. Ƙungiyoyi da dama da aka daɗe ana koya wa dabarun dogaro da kai suka sallami ma'aikata cikin 'yan makonni, cikin tsari da ladabi, kowa da wasiƙarsa. Yaran kirki ne da yawansu, masu iyali, kuma zafin abin ya taɓa marasa lafiyar da ke jiran magani. Waɗanda suka yi sa'a a cikin ma'aikatan sun samu wani kawu a Sabon Gari ya ba su gefen tebur da kayan bashi, ya ce su je wurin Hajiya su shiga adashi, zubi kullum bayan la'asar.