Kawu Ya Ce In Juyo

Har yanzu akwai auduga manne a kumatuna na dama, kuma in na yi dariya wurin buɗewa yake yi, don haka mai karatu ya yi dariyar a madadina.

Ƙurajen aski ne suka raba ni da rezar roba mai baki uku. Aka ce mini in koma wa askin turawan da, wato ƙarfen nan mai mariƙi da ake kwance kansa a ɗora reza mai baki biyu a ɗaure. Irinsa King Gillette ya yi wa rajista a Amurka a 1904, aka raba wa sojojinsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Na ce abin da kurtu ya iya a cikin rami ana ruwan harsashi ai ba zai gagare ni a gidana ba. Na sayo ƙirar Jamus mai nauyi, da burushi, da sabulun aski, da reza 'yar Japan wadda mai kanti ya ce sai ƙwararru. Wannan "sai ƙwararru" ɗin ne ya sa na ce a ba ni.

Ƙa'idar ba ta da yawa. A jiƙa gemu da ruwan ɗumi, a shafa kumfa, a karkata ƙarfen kamar digiri 30, a bi kwanciyar gashi, ban da dannawa, nauyinsa ya isa. Babbar dokar ita ce kada reza ta zame a kaikaice. 'Yar sandar da ke ƙarƙashin bakinta tana tare fata ne in an ja ƙasa. In ta zame gefe, aska ce tsirara.

An ɗauke wuta, banɗaki duhu, sai na rataye madubi a ƙusa a tsakar gida, daidai inda Kawu, wanda ya zo mana daga ƙauye, yake kishingiɗe a tabarma yana cin goro. Kumatun hagu ya fita sumul. Na ɗora reza a na dama ke nan, sai na ji:

"Kai ɗan nan, juyo in gani."

Tarbiyya ce ta cuce ni. A gidanmu babba ba ya kira sau biyu. Wuyana ya amsa kafin labari ya kai wa hannuna. Hannu na nan inda yake, riƙe da ƙarfe a digiri 30, ba dannawa, ya cika kowace ƙa'ida. Fuskar ce ta yi tafiya. Ta goga kanta a bakin rezar daga gefen hanci har kusa da kunne, a hankali, cikin ladabi, ina cewa "Na'am, Kawu."

Ban ji zafi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Wani ɗan sanyi kawai na ji. Na tsaya ina yi wa Kawu murmushi, rabin fuska kumfa, ina jiran yabo. Shi kuwa ya daina tauna. Na koma ga madubi: kumfa fara tas, sai wani siririn layi ya ɓullo a tsakiyarta, ya yi kauri, ya fara haifar 'ya'ya suna gangarowa haɓa, ɗaya ya ɗiga a singileti. Tun ɗazu nake maimaita abin a raina, kullum a "Na'am" ɗin nan nake tsayawa.

"Ai na san za a yi haka," in ji Kawu. "Wa ya taɓa aski a tsaye? Wanzami zaunar da mutum yake yi."

"Kawu, jini nake yi."

"Mataccen jini ne, bar shi ya fita. Wasu kuɗi suke biya a yi musu ƙaho."

Ya aiki yaro ya ɗebo toka, aka ce masa da gas muke girki, ya yi salati. Ya ce to a tatso man birki a motar maƙwabci, direbobin garinsu da shi suke warkewa. Da na ƙi, ya ce in ɗaga kai sama in riƙe numfashi, kamar haɓo nake yi. Uwargida ce ta miƙo mini alif, irin wanda ake jefawa a randa ruwa ya kwanta. Yana tsuke fata ya tsai da jini, gaskiya ne, amma ihun da na yi sai da kajin maƙwabta suka amsa.

Kawu ya taso, ya kama haɓata, ya juya ni dama da hagu, ya daɗe yana nazari.

"Hannunka bai yi rawa ba, billen ya miƙe. Sai dai ba na gidanmu ba ne. Ka yi wa na hagun ma, su daidaita." Ya tofar da tukar goro. "In ka gama, ara mini rezar in yanke farce."