Dakta Ya Koma Gawayi

Kai taubashina, labari ya iske ni har gida, wai ka sayo fensir kala-kala da takarda mai kauri ka koma zane. Na ce to, tsohuwar cuta ta motsa. Gwaggo ta sayar da jajayen awakinta ɗaya bayan ɗaya don ka yi karatun likitan dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga shi mun dawo inda muka baro, wato bangon zauren Kaka a Darna Sabon Gari, inda kake zana motocin da ke wucewa Ƙonni da gawayi, a zo a dake mu tare, ni da ko layi ban ja ba.

An ce min yanzu ranar Lahadi, da ka gama duba dabbobi a karar Illela, sai ka samu inuwa ka zauna da takarda a cinya. Dillalai sun ɗauka lissafin haraji kake yi, har wani Buzu ya janye raƙuminsa daga gabanka.

Na san hujjar da za ka kawo, don haka bari in riga ka. Za ka ce Louis Pasteur na Faransa, wanda ya yi rigakafin cutar mahaukacin kare a 1885, mai zane ne tun yana saurayi, har ya zana uwarsa da ubansa. Gaskiya ne. Amma shi ya ajiye abin ya kama kimiyya, kai kuwa ka juyo da baya kamar jakin da ya tuna gida. Sai kuma ka ɗauko Ramón y Cajal na Sifen, wanda ubansa ya kai shi koyon aski da ɗinkin takalmi don ya raba shi da zane, ƙarshe zanen ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ya riƙa yi yana leƙen madubin likita ya zama abin koyarwa, ya kuma karɓi kyautar Nobel a 1906. Wannan kam ya yi kama da kai ta wajen taurin kai. Sauran Nobel ɗin muke jira.

Abin da ya ba ni haushi shi ne dabbobin sun yi kyau. Raƙumin da ka aiko min ta WhatsApp yana ɗaga ƙafar gaba da ta baya na gefe guda a tare, yadda raƙumi ke tafiya da gaske, abin da masu zanen bayan mota suka sha kuskurewa. Bokolon nan ma, gajeren ƙaho, tozo, fatar wuya tana reto, kamar ya yi kuka. Hannun da ya shekara yana lalube haƙarƙarin sa ya san inda kowane ƙashi yake, ban musa ba.

To amma me na yi maka da ka zana ni? Na zauna rabin sa'a ban motsa ba, ƙuda na yawo a hancina, ka miƙo min takarda na ga tunkiya Uda da hula. Kunnuwa sun zubo, hanci ya lanƙwaso, sama baƙi ƙasa fari, wai inuwa ce. Uwargida ta duba ta ce ai ka kamo ni sarai, yara suka manna a bango. Da na yi magana ka ce min kai fuskar da ka saba gani ita hannunka ke bi.

Lahadi mai zuwa ina nan tafe kara. Ka tanadi takarda da shayi, za ka sake. Wannan karon ka rage kunnen, kuma kada ka buɗe min baki ka ce za ka duba shekaruna a haƙori.