Wa Ya Aiki Bakatsine Bakin Teku?

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. Mutumin Jibiya, wanda iyakar ruwan da ya sani shi ne dam ɗin garinsu da kududdufin damina, yau shi zai koya wa jama'a yadda ake zaɓen jirgin yawon tsibirai? Nufawa ma ina hango su can Bida suna dariya har da riƙe ciki, wai Bakatsine ya ga teku a waya ya naɗa kansa sarkin ruwa. To ku yi dariyarku ta ishe ku, abokan wasa, in kun share hawaye ku matso.

Da farko dai ba mu rasa ruwa kamar yadda kuke yaɗawa ba. Kogin Gada da aka datse a Jibiya shi ne ke ratsa iyaka ya zama Gulbin Maraɗi, kuma ba ya tsayawa a Magama a buga masa hatimi. In ka wuce Ɗan Isa, ga tafkin Madarunfa can da masuntansa da kaburburan waliyyai 99 da ake cewa sun kewaye shi. Tsibiri mai bishiyar kwakwa kam babu, wannan na bar muku. Sai dai zaɓen jirgi ba sanin teku yake bukata ba, sanin halin mai abin hawa yake bukata, wannan karatu kuwa a tashar Jibiya ake sauke shi. Duk wanda ya taɓa neman mota ranar Lahadi, kasuwa na ci, ɗan kamasho ya fizge masa jaka yana rantsuwa, "Saura mutum ɗaya, Alhaji, yanzu za ta tashi," ya leƙa ya ga mutum huɗu a zaune, ashe uku 'yan tasha ne da za su sulale da zarar ya biya, to ya riga ya san mutumin da zai tare shi a bakin teku. Harshe ne kawai zai canja.

Mu ɗauki Zanzibar, tunda ita ce amaren zamani suka fi cika mana Instagram da hotonta. Malam mai shakka zai ce ai can wurin shashanci ne. A'a, Malam, mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, kiran salla zai tashe ka da asuba ko ba ka so. A bakin ruwan tsohon garin, Stone Town, abin da aka fi tallatawa shi ne zango biyu, Changuu da Nakupenda. Changuu tafiyar kamar rabin awa ce. Turawan Ingila sun gina kurkuku a kai a 1893, ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, aka mai da shi wurin killace masu cuta. Yau abin kallonsa manya-manyan kunkuru ne da aka kawo kakanninsu daga Seychelles a 1919, wani sai yara biyu su ɓuya a bayansa.

Nakupenda kuwa tudun farin yashi ne a tsakiyar ruwa, ba bishiya ba rumfa sai wadda masu jirgi suka kafa. Ga inda ake kwasar baƙo. Teku tana cika tana ja sau biyu a yini, kuma lokacin yana matsawa kullum. In ta cika sai ta shanye tudun. Don haka tambayar farko ba "nawa ne" ba ce, "ƙarfe nawa ruwa zai ja yau" ce. Wanda ya tsaya cinikin ragin dala biyar har rana ta yi tsaka, zai biya kuɗin tsibiri a kai shi a nuna masa ruwa a ce masa yana ƙasa. Haka Mnemba da ke arewa maso gabas: za a ce za a kai ka, kuma za a kai ka ɗin, amma tsibirin na masu otal ne, iyakarka ninƙaya a gefensa, ba za ka taka ƙasarsa ba. Mai jirgi bai yi maka ƙarya ba, kai ne ba ka tambaya ba.

In an zo kan kuɗi, sai ka bi shi dalla-dalla. Kuɗin shiga Changuu yana ciki ko daban? Abincin rana fa? Mutum nawa za a ɗauka? In iska ta hana fita, za a mayar da kuɗi? Kada ka biya duka tun daga gida. Mu da aka rufe mana iyaka a 2019 sai 2022 aka buɗe, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar sai Maris na 2024, ba sai an yi mana wa'azi kan hanyar da ke rufewa dare ɗaya ba. Ka kuma sa a lissafi cewa tun Oktoban 2024 hukumomin Zanzibar ke karɓar dala 44 na inshora daga baƙi. Watannin Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi a can, ɗakin otal zai yi araha, amma araha ba ta ado.

Ni a ganina, in da iyali kake, ɗauki shata. Ya fi tsada, amma kai ke da agogo: a tsaya ka yi azahar, Hajiya ta zauna da hijabinta ba tare da an dasa mata lasifika da kwalaben giya a gaba ba. Jirgin haɗaka na gwauro ne mai neman abokan hira. Wanda kuma ya yi maka alkawarin tsibiri biyar kafin la'asar, hayaƙin inji yake sayar maka. Biyu sun isa.

Ga wani can yana tsaki, wai ana fama da kuɗin buhun shinkafa wa ke zancen Zanzibar. Gaskiyarka, ɗan'uwa, amma ba can kaɗai Allah ya ajiye tsibirai ba. Tarkwa Bay na nan Legas, sai da jirgin ruwa ake zuwa, kuma 'yan'uwanmu na Obalende sun shekara suna kallon ruwan ba su taɓa tsallakawa ba. A Konakiri akwai Kassa da Room da Tamara, kwalekwale ake shiga daga tashar Boulbinet. A Dakar akwai Gorée mai tarihin cinikin bayi, tafiyar kamar minti 20. Biyun ƙarshen nan duka da fasfon ECOWAS za ka shiga, babu biza. In ma fasfon ya gagara, ga Yawuri da tsibiran Gungawa da bikin Rigata.

A nan kuma zan ajiye wasa. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 kwalekwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau. A watan Mayu na shekarar, a Warrah ta jihar Kebbi, sama da mutum 100 suka ɓace a ruwa. A Zanzibar ɗin ma, a Satumban 2011, jirgin Spice Islander ya nutse tsakanin tsibiran Unguja da Pemba. A duka ukun maganar lodi ce ta fito. Mota in an yi mata lodin ganganci takan mutu a gefen titi a sauka a tura, jirgi ba shi da gefen titi. Ƙirga rigunan ruwa da idonka kafin ka sa ƙafa, ka ja igiyoyinsu ka ga ko sun ruɓe, ka tambayi ta yara daban, don rigar babba zamewa take daga jikin yaro. Ka ɗaura taka, kuma ka cire malum-malum tukuna. Mai cewa in ajali ya zo ba riga, malamanmu dai ba su taɓa cewa tawakkali ya hana ɗaure raƙumi ba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare a ruwan Najeriya, kai ma ka hana wa kanka ko a ina kake, ka sa matuƙi ya juyo tun rana na sama.

Saura maganar jiri. Kada ka cika ciki da fura kafin a tashi, ka zauna tsakiyar jirgi, ka kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama, waya kuma a ƙulle ta a leda. Alhajin da ke bugun ƙirji wai shi ramukan hanyar Ƙauran Namoda ma ba su taɓa juya masa ciki ba, don Allah a ba shi kujerar gefe, ta ɓangaren da iska ke tafiya, kada ya ɓata wa bayin Allah tufafi.